Gwangwani Biyu, Gona Ɗaya

In kina da gona a ƙauye, ta gado ce ko wadda kika saya da kuɗin adashi, kina zaune a birni wani yana noma miki ita, to ɗan gyara zama, da ke nake. Zan ba ki labarin wata magana da na faɗa wa ƙanin mahaifina, wadda har gobe in na tuna ta sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da mahaifinmu ya rasu aka raba gado, sai na tashi da gona guda a ƙauyenmu, can wajen Kazaure. Ba wata babba ba ce, ba ta cika hekta biyu ba, amma doguwa ce: ta taso daga kan jigawa ta gangara har gindin wata tsohuwar kuka. Ni a cikin Kano nake aure, maigidana kuwa ɗan kasuwa ne, bai san fartanya ba sai dai ya hango ta a hannun masu sayarwa. Sai muka yi da Baffa shi zai riƙa nomawa, ni in aika da kuɗin taki da na ƙwadago, in kaka ta yi a raba. Shekara uku muna haka lafiya lau. Geron kunun yarana da waken gidana ban saye su a kasuwa ba.

A shekara ta huɗu aka yi ruwa a Kano kamar da bakin ƙwarya. A layinmu kaɗai katanga biyu ce ta faɗi. Kwata ta cika ta dawo mana tsakar gida, muka yi kwanaki muna kwashe ruwa daga ɗakin girki da bokiti. Ba zan ɓoye miki ba, ina kwasar ruwan nan ina lissafin buhuna a raina. Har na yi wa ƙanwata alkawarin buhu guda.

Kaka ta yi, direba ya sauke mini buhu uku, inda na saba ganin takwas. Ya ce Baffa ya ce a gaya mini ruwa ya yi musu tsaiko bayan shuka, sai da aka sake shuka har sau biyu, kuma ya ɗauke gero yana tsakiyar fitar da kai.

Ban bari na huce ba na ɗauki waya. Bayan gaisuwa na ce, "Baffa, wane irin fari kuma? Mu nan fa ruwa har ɗaki ya shigo mana. Daga nan zuwa can ai tafiyar awa ɗaya da rabi ce."

Ya yi shiru har na zaci wayar ta katse. Can ya ce, "Uwata, ni ban san ruwan Kano ba. Na gonarki na sani." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ba ya kiran sunana. Sannan ya ce baɗi in Allah ya kai mu in nemi wanda zai noma mini, shi ƙarfinsa ya fara ja baya.

Ban ce masa ya ci amana ba. Amma ni da shi duk mun san inda maganar ta dosa. Inna da ta ji, ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Mutumin da ya ɗauki gawar ubanki a kafaɗarsa." Ta ci gaba da tsince shinkafarta. Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Duk da haka a raina ban sauko ba, don ni a ganina hujjata a fili take: ruwan nan da idona na gan shi, da hannuna na kwashe shi.

Babbar 'yata ce ta karya mini wannan hujja, ba tare da ta san ta yi ba. Damina ta zagayo, malaminsu na labarin ƙasa ya ce kowace ɗaliba ta kafa gwangwani a gida ta riƙa auna ruwan sama tana rubutawa. Mu muna Gwale, ƙawarta tana Hotoro. Wata safiya ta dawo daga makaranta rai a ɓace, wai an ce ɗayarsu ƙarya take yi: gwangwaninta ya tara ruwa ya haura gaɓar yatsa, na ƙawar ko gindinsa bai jiƙe ba, ga shi dare ɗaya ne, gari ɗaya. Da suka kai ƙara wurin malamin, sai ya yi dariya ya ce dukansu gaskiya suka faɗa, kuma darasin ke nan da ma yake so su gano.

Ina tuƙa tuwo take ba ni labarin. Sai na ji muciyar ta yi mini nauyi. Gwale da Hotoro ke nan. Ina ga Kano da Kazaure?

Ke ma kin san abin nan, ba ki dai taɓa tsayawa kin auna shi ba. Sau nawa kika fito biki cikin ruwa, kafin ki iso gida ki tarar da ƙura tana tashi? Ruwan ƙasarmu ba irin mai shimfiɗuwa ba ne ya rufe ko'ina daidai wa daida. Hadari ne yake haɗuwa a gabas ya taho yamma da iskarsa, kuma inda cibiyarsa take zubar da ruwa mai ƙarfi ba shi da faɗi sosai. Wanda ta bi ta kansa ya sha, na gefe ya samu yayyafi da iska, na can gaba ya ji ƙamshin ƙasa kawai. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne yawancin ruwan shekara daga 'yan manyan hadura ƙalilan yake zuwa. In uku ko huɗu daga cikinsu suka kauce wa gonarki, to ke kin yi fari, ko da maƙwabtan gari suna kukan ambaliya.

Wannan ba zancen hira ba ne, an auna shi. A farkon shekarun 1990 masu bincike sun kafa ma'aunan ruwa kusan ɗari a kewayen Yamai, cikin fili mai kamar kilomita ɗari da 'yan kai kowane gefe, don su ga yadda ruwa yake raba kansa. Suka tarar wurare biyu da tazararsu ba ta wuce kilomita goma ba suna iya bambanta da fiye da milimita ɗari a damina ɗaya, a ƙasar da ruwanta na shekara bai fi ɗari biyar da wani abu ba. Kuma inda ya sha bana ba lallai shi zai sha baɗi ba. A Sadore, kudu da Yamai, inda cibiyar binciken noma ta ICRISAT take da gona, an jera ma'aunai a cikin gonar ita kaɗai, su ma in an yi ruwa ba sa faɗin abu ɗaya.

Kada kalmar milimita ta tsorata ki, ni ma da farko na ɗauka lissafin 'yan boko ne. Ki auna fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya a tsakar gidanki. In kika zuba masa lita ɗaya ta ruwa, milimita ɗaya ke nan. In an ce an yi ruwa milimita 20, to kamar an juye wa kowane irin wannan ɗan fili jarka mai lita 20 ne. A gona mai hekta ɗaya, milimita ɗaya tak lita 10,000 ce, wato durom hamsin. Yanzu ki lissafa abin da gona ta rasa in an ce maƙwabciyarta ta fi ta da milimita ɗari. Ni da na lissafa, sai na daina ganin buhu uku a matsayin abin raini.

Da na fara bin zancen nan sai ya kai ni ga wani abin da ban nema ba. Kin san yadda iyayenmu suke cewa ruwan yanzu ba ruwa ba ne, su a zamaninsu marka takan yi kwanaki ba a ga rana ba. Ni da ina ɗaukar wannan irin zancen tsofaffi ne, da komai na da ya fi na yanzu, har gishiri. Ashe a nan gaskiyarsu ce. Kano tana cikin garuruwan da suka fi daɗewa ana rubuta ruwansu a ƙasar nan, an haura shekara ɗari ana yi. Rubutun ya nuna shekarun 1950 zuwa tsakiyar 1960 lokacin ruwa ne sosai a duk faɗin yankinmu. Lokacin dalar gyaɗa ke nan, lokacin ƙuruciyar Inna da Baffa. Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwa ya fara ja da baya, aka zo aka yi farin 1972 da 1973 wanda ya kashe dabbobi ya tayar da garuruwa, aka sake yin na 1983 da 1984. Wannan fari na farko shi ya sa ƙasashen Sahel suka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, don ta riƙa bin diddigin ruwa da noma.

Sai dai ga inda nake ɗan saɓa wa iyayen namu, cikin ladabi. Abin da suke ɗauka shi ne asalin damina, shi ma wani yanayi ne da ya zo ya wuce. Kafin shi an yi farin 1913 wanda ya haifar da yunwar da kakanni suke kira Kakalaba. Wanda ya taso a shekarun ruwa zai ga duk abin da ya biyo baya raguwa ce. Ni kuma da na taso a shekarun fari, sai nake ganin ruwan yanzu ya yi yawa. Kowa da mudun ƙuruciyarsa yake awo. Shi ya sa masana yanayi ba sa yanke hukunci da shekara ɗaya ko biyar. Sai sun tara shekara talatin suke cewa ga abin da wuri ya saba samu, kuma wanda ake aiki da shi yanzu na 1991 zuwa 2020 ne.

Tun daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan farfaɗo, amma ya dawo da wani hali daban. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna hadura mafiya ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku in aka kwatanta da 1982. Wato yakan zo da yawa a lokaci guda. Kin dai tuna abin da ya faru a Jigawa a 2022, da Maiduguri a 2024. To gero ba ya cin jimillar ruwan shekara. Ba ruwansa da cewa an samu milimita ɗari takwas, in rabinsu a dare huɗu suka sauka suka bi kwari, sannan aka bar shi kwana goma sha biyar yana nannaɗe ganye. Kamar ki ɗura wa yaro abincin mako guda ranar Asabar ne, ki ce ai ya ci rabonsa.

Bayan Babbar Salla na shirya na tafi ƙauye. Na tafi da goro da turare da shadda, da gwangwanayen madarar gari guda biyu da rula. Na samu Baffa a zaure, na durƙusa na ce, "Baffa, na zo ku yafe mini. Na yi magana a kan abin da ban sani ba." Ya ce, "Ai ɗa ba ya fushi da uwarsa," ya sa aka kawo mini fura. Amma bai dube ni sosai ba, kuma gonar tana hannun wani a shekarar, wanda ya tatse ta bai zuba mata ko kwandon taki ba. Wannan kuma ni na jawo.

Da na fito da gwangwanayen ya daɗe yana dariya. Ya ce shi ma'auninsa a jikinsa yake. In an yi ruwan farko, da asuba yakan je gona ya tona ƙasa da hannu. In danshi bai kai kamu ɗaya ba, ba ya taɓa iri, ko da duk gari sun fita shuka. Na gaya masa a can Sadore wani masani ya fitar da ƙa'idar gane faɗuwar damina ta gaskiya: a samu aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, sannan a kwana talatin da suka biyo baya kada a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa. Sai ya ce, "Rabin farko na sani. Rabin na biyu kuwa, wa ya gaya masa abin da zai faru cikin kwana talatin?" Na rasa amsa. Gaskiya ce, wannan ƙa'ida sai an waiwaya baya take aiki. Manomi kuwa gaba yake fuskanta, da irinsa a ƙwarya.

Ya dai yarda ya karɓi gonar a damina ta gaba, ya kuma yarda a kafa gwangwanayen, ɗaya a kan jigawa, ɗaya a gangare. Jikansa ɗan firamare aka ɗora wa rubutu. Ina ganin don ya faranta mini ne kawai ya amince.

A nan na koyi cewa shi kansa awon yana da nasa rikicin. Watan farko gwangwanin gangare kullum a baya yake, har na fara murna na gano wani abu. Ashe yaron kusa da kuka ya kafa shi don ya ji daɗin inuwa, rassa suna tare ruwan. Ƙa'ida ita ce a nisanta ma'auni daga bishiya ko gini da aƙalla ninki biyu na tsayinsu. Muka matsar. Sai iska ta karkatar da turken, bakin gwangwani ya kalli yamma. Wata rana akuya ta shanye awon dare guda. Wata rana yaron bai je ba sai bayan azahar, rana ta riga ta sha nata kason. Gwangwani ɗaya ya yi tsatsa ya huje, matar Baffa ta taimaka ta sa ƙaramin bokiti a madadinsa, ba ta san abu mai faɗin baki da tsukakken gindi ƙara wa ruwa tsayi yake yi ba. Dole sai mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya. Mafi ban dariya, akwai makon da na ga lambobi sun yi kyau sun jeru tsaf, kowace rana da nata. Da aka matsa wa yaron sai ya ce ya je bikin kaciya ne a wani ƙauye, da ya dawo ya ji tsoron barin layi babu komai, ya cike da ka.

Tun daga nan in na ji an faɗi adadin ruwa a rediyo nakan tambayi kaina: a ina aka kafa ma'aunin? Na ma'aikata ya fi namu nesa ba kusa ba, yana da mazurari da siririyar kwalba mai zane wadda take kama ko ɗan yayyafi, kuma a lokaci ɗaya ake duba shi kowace safiya. Amma komai kyansa, bakinsa bai fi faɗin ɗan kwano ba, kuma labarin inda yake tsaye kawai yake bayarwa. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa, kuma yana da amfani ki nema ki tura wa mai noma miki. Sai dai ki riƙe a ranki hasashen yanki ne mai faɗi. Ba a yi shi don ya san gindin kukarmu ba.

Da muka gyara duk waɗannan kurakurai, gwangwanayen biyu suka fara tafiya kusan tare, yau wannan ya ɗara, gobe wancan. Sai wani dare cikin watan Yuli. Baffa da kansa ya kira ni da safe, abin da bai yi ba tun ranar waccan magana. Ya ce, "Uwata, yau na ga abin mamaki. Na jigawa ya kusa gaɓa biyu, na gangare bai cika ɗaya ba. Na duba da kaina, ba akuya, ba yaro." Tsakaninsu tafiyar da ba ta kai minti biyar ba ce. Na ji a muryarsa abin ya burge shi, duk da ya ƙara da cewa ai shi ya daɗe da sani, bai dai taɓa ganin an kama ruwa dumu-dumu yana son kai ba.

Ya kuma nuna mini inda gwangwanina ya gaza. Ranar da na je cikin marka ya kai ni jigawa ya tona, ya kai ni gangare ya tona. Ruwa ɗaya aka yi musu a makon, amma yashin sama ya riga ya sake, ƙasar gangare kuwa tana manne wa hannu. Gwangwani abin da ya sauko daga sama yake faɗa. Abin da ƙasa ta riƙe, sai an durƙusa.

Yanzu damina huɗu ke nan muna rubutawa, a littafi ɗan makaranta mai bango ja. Na san huɗu ba komai ba ne a gaban talatin, ban isa in ce ga halin gonata ba, kuma ba lallai in ga cikar talatin ɗin ba. 'Yata ta ce ita za ta ci gaba. Amma ko a haka ya canza mini abubuwa. Iri yanzu kashi biyu muke raba shi, ba a fitar da shi duka a ruwan farko, don sake shuka bai zama abin mamaki a wurina ba. Kuɗin takin zamani ba na matsa wa a zuba shi ranar da na aika, sai Baffa ya ga ƙasa da danshi. Na daina yi wa kowa alkawarin buhu kafin a ɗaure dami. Tambayata ma ta canza. Da nakan ce, "An yi ruwa kuwa?" Ai kowa zai ce miki an yi, alhamdulillahi, ko da yayyafi ne, don ba a raina rahama. Yanzu cewa nake, "Kwana nawa rabonku da ruwa, kuma ya danshin ƙasa?"

In za ki gwada, ba ki buƙatar komai sai gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, da turke, da rula, da yaron da kika tabbatar masa cewa barin layi babu komai ba laifi ba ne.

Daren jiya ma na kira shi. Ruwa yana dukan kwanon ɗakina har ba na jin muryarsa sosai, sai da na toshe ɗaya kunnen. Ya ce yau kwana tara rabonsu da ruwa, geron jigawa ya fara nannaɗewa da rana, amma na gangare da sauransa, kuma sun hango hadari ya haɗu a gabas ya bi ta kudu da su. Ya tambaye ni ƙarar me yake ji haka. Na ce, "Ruwan Kano ne, Baffa." Ya ce to Allah ya aiko musu da nasu. Na ce amin, na ɗauko littafin na rubuta tara.